Shin Ana Zuwa Jami'a Don Koyon Ƙaga Labari? Ra'ayin Ɗan Mai Goro

A yi mini afuwa, kwana biyu an ji ni shiru. Lodin goro ne ya tasa mu gaba, ga shi kuma ƙafa ta matsa wa Baba, to ka ga dole babban ɗa ya tsare rumfa. Yau da na ɗan samu sarari sai na ce bari in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, wadda ta taso a majalisarmu ta bayan isha'i a nan Sabo, Ibadan, har aka kusa ɓatawa a kanta.

Tun kafin a yi nisa bari in faɗi matsayina. Ni ba ɗan jami'a ba ne. Takardar sakandare ce iyakata, na gama a 2018, na zauna jarrabawar JAMB sau biyu, Allah bai nufa ba, na koma rumfar Baba ina ƙirga ƙwarya da ɗaurin huhu. Saboda haka wanda ya ga kamar na yi shisshigi a maganar manyan 'yan boko, ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, sannan ya yanke mini hukunci.

Asalin maganar

Akwai wani yayanmu a unguwa, ɗan maƙwabcinmu ne, ya girme ni da shekara biyar. Ya yi digirinsa na farko a fannin Turanci, ya yi bautar ƙasa, sai a 2022 ya samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, kyauta, har da kuɗin abinci. Murna ta cika unguwa, sai da aka tambaye shi abin da zai karanta. Ya ce rubuta ƙagaggun labarai. Wallahi ranar an yi dariya har da riƙe ciki. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Yanzu kai duk karatun da ke Amurka, ga likita, ga injiniya, ga lauya, ba ka ga na yi ba sai gatanan gatananku? Ai da ka zo wajen kakarka ta koya maka ba ko sisi." Ba zan ɓoye ba, ni ma na dara.

Ya je ya gama, ya kuma zo ganin gida watannin baya. Abin da ya sake tono maganar shi ne, ƙanwar wani abokina da ta gama digirinta ta ce ita ma wannan layin take son bi. Mahaifinta ya ce sam, ba zai ba da 'yarsa ta ƙetare teku don koyon ƙarya ba. Majalisa ta rabu biyu. Ni kuwa da na yi dariya a 2022, yau ina ɓangaren masu cewa a bar ta, amma da sharaɗi. Dalilina ke nan na kawo muku.

Wane irin karatu ne wannan?

Da yawa daga cikin masu musun ba su san yadda abin yake ba, ni ma sai da na zauna da Yaya ya warware mini, na kuma bi na karanta da kaina.

A Amurka ana kiran digirin MFA, shekara biyu ne ko uku. Mafi shahara shi ne na Jami'ar Iowa, wanda aka kafa tun 1936. A Ingila kuma shekara ɗaya ne akasari, wanda ya fi suna shi ne na Jami'ar East Anglia da Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka assasa a 1970. Cikin waɗanda suka bi ta can akwai Kazuo Ishiguro, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2017. A 'yan ƙasarmu ma akwai su. Chimamanda Ngozi Adichie ta yi irin wannan digiri a Jami'ar Johns Hopkins, ta gama a 2003, shekarar da littafinta Purple Hibiscus ya fito. Chigozie Obioma ya yi nasa a Jami'ar Michigan, Chinelo Okparanta ta yi a Iowa. Helon Habila, ɗan Kaltungo ta jihar Gombe, bayan ya ci kyautar Caine a 2001 ya tafi East Anglia, daga baya ya zama malamin wannan fanni a Jami'ar George Mason.

Sai ka yi digirin farko kafin su dube ka, amma ba sakamakon jarrabawa ne babban ma'auninsu ba. Rubutunka za ka aika, shafuka kaɗan na labari ko waƙa, da takardun shaida daga malamanka. Idan rubutun bai kama su ba, ko kai ne ka zo na ɗaya a ajinku ba za su ɗauke ka ba. Wasu jami'o'in Amurka suna yafe kuɗin makaranta, su kuma ba ɗalibi ɗan albashi, shi kuma ya riƙa koyar da 'yan ajin farko. Wasu kuma kai za ka biya, kuɗi masu nauyin gaske.

Karatun kansa ba irin wanda muka sani ba ne na malami ya tsaya gaban allo ana kwafa. Mutum goma ne ko sha biyu za su kewaye teburi sau ɗaya a mako. Wanda layi ya zo kansa ya riga ya raba musu labarinsa, kowa ya karanta a gida ya yi masa jan biro. Idan an zauna, a tsohon tsarin Iowa, mai labarin ba ya cewa uffan. Yana zaune za a feɗe rubutunsa daga kai har wutsiya, ba damar ya ce "ai abin da nake nufi shi ne kaza". Hikimar ita ce, ran da littafinka ya shiga kasuwa ba za ka bi kowane mai karatu gida kana yi masa bayani ba. A ƙarshen karatun, maimakon kundin bincike, littafi za ka miƙa.

Masu cewa asara ce suna da hujja

Kada mu raina dattawanmu, maganarsu tana da ƙafa. Wa ya ba Amos Tutuola digiri? Shekara shida kacal ya yi a makaranta, yana aikin masinja a Legas ya rubuta The Palm-Wine Drinkard, kamfanin Faber na Landan ya buga a 1952, har yau ana karanta shi a duniya. A nan Ibadan ya rasu a 1997. D. O. Fagunwa, wanda Yarabawa ke tinƙaho da shi, malamin makaranta ne lokacin da ya fitar da littafinsa na farko a 1938. Cyprian Ekwensi haɗa magunguna ya karanta. A namu ɓangaren, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, amma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, aka fassara shi zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga. Su waɗannan wane teburi suka kewaya a Amurka?

Wannan ita ce hujjar da ni ma na riƙe shekara da shekaru, kuma tana yi mini daɗi, domin tana nuna ni da ban je jami'a ba ban rasa komai ba. Mutum yana son hujjar da za ta lallashe shi.

Amma da na sake duba tarihin, sai na ga rabinsa kawai muke faɗa. Ɗauki Alhaji Abubakar Imam, wanda kowa ke kafa misali da shi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja, tare da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da East ya ga basirarsa, sai aka ɗauko shi daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya na wasu watanni, ba shi da wani aiki sai rubutu. Aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa ya karanta. Yana rubutawa, East yana dubawa, suna tattaunawa, ana gyarawa, sannan hukuma ta buga. Haka aka samu Magana Jari Ce, juzu'i uku. To don Allah mai karatu, mene ne wannan in ba abin da ake yi a Iowa ba? An ba shi lokaci, an ba shi mai karantawa ya faɗa masa gaskiya, an buɗe masa ƙofar maɗaba'a. Takardar shaida ce kawai babu.

Haka Chinua Achebe. A 1956 da ya je kwas na BBC a Landan, ya nuna wa wani marubuci mai suna Gilbert Phelps rubutunsa, shi ya haɗa shi da masu buga littafi, Things Fall Apart ya fito a 1958. A nan Ibadan a 1961 su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ulli Beier suka kafa ƙungiyar Mbari a wajen Dugbe, inda muke wucewa kullum ba mu san abin da ya faru a wurin ba. Marubutan Kano ma ba kowa ne ya shiga ɗaki shi kaɗai ba. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama suna taimakon juna wajen fitar da littafi.

Ashe ba wanda ya yi shi kaɗai. Abin da jami'ar ke sayarwa abu uku ne: lokaci, da masu karatu marasa jin kunyarka, da ƙofa. Ba ta sayar da labari, ba ta sayar da harshe. Waɗannan daga gida ake tafiya da su.

Ranar da aka feɗe ni

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Ina rubutu. Tun bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, inda aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, mutanenmu da dama suka kwashe iyali suka koma Arewa, na fara rubuta wani labari a kai. Kawuna yana cikin waɗanda suka yi asarar kayan gwari a lokacin. Na cika littafin rubutu mai shafi tamanin har guda uku. Ina ɗan sakin wasu sassa a wani zauren WhatsApp, kullum amsar da nake samu ita ce, "Allah Ya ƙara basira", "Gaskiya ka iya", "Muna jiran ci gaba". Shekara uku ina shan wannan zuma, har na fara jin cewa ni da Abubakar Imam bambancinmu zamani ne kawai.

Da Yaya ya zo, na kai masa da ƙafata, ina jiran ya ce in shirya za a kai ni Amurka. Ya riƙe mako guda. Sannan ya ce in nemo mutum uku masu karanta Hausa, ya sa aka yi musu hoton babi biyu na farko. Na kawo wani malamin Islamiyya, da wani tela abokina, da ƙanwar abokin nan nawa da ake rigima a kanta, ita da ƙaninta ya rako ta. Muka zauna a zauren gidansu bayan la'asar. Ya ce, "Ƙanena, sharaɗi ɗaya ne. Ba za ka yi magana ba sai mun gama."

Tela ne ya fara. Ya ce shi fa ya karanta shafi goma sha ɗaya ba abin da ya faru, rana ce ke fitowa, tsuntsaye na kuka, ana gaisawa. Ya ce da a kasuwa ya sayi littafin da tuni ya ajiye. Malam ya ce duk mutanen labarin bakinsu ɗaya, ɗan dako yana magana kamar mai wa'azi, yarinya 'yar shekara bakwai tana jero karin magana kamar tsohuwa. Ita kuwa yarinyar nan, cikin ladabi, kanta a sunkuye, ita ta fi kowa yanka. Ta ce, "Yaya, tauraron labarinka ba shi da laifi ko ɗaya, ko tsaki bai taɓa yi ba. Kuma na lura duk Bahaushen da ke ciki yana da suna, amma Yarabawan duk 'wani Bayarabe' ne, 'wata Bayarabiya'. A garinsu aka haife mu fa. Ba ka san sunan ko ɗaya ba?"

Jama'a, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Domin gaskiya ita ce, wanda ya ɓoye kawuna a cikin shagonsa ranar rikicin har ƙura ta lafa Bayarabe ne, abokin cinikinsa na shekara da shekaru. Na san sunansa, na san 'ya'yansa, na ci amala a gidansa. Amma ban sa shi a labarin ba, domin zai ɓata mini tsarin da na yi na mu masu gaskiya, su masu laifi. Ashe ba labari nake rubutawa ba, ƙara nake kai wa.

Kwana uku ban yi wa Yaya magana ba. A na huɗu na sayi sabon littafi na fara daga farko. Shafuka goma sha ɗayan nan sun koma sakin layi biyu. Mutumin nan ya shigo labarin, kuma shi ne ya zame masa ƙashin baya. Abin da zaman awa biyu ya koya mini, shekara uku na "Allah Ya ƙara basira" ba su koya mini ba. To wanda ya samu shekara biyu cur yana irin wannan zama duk mako, kuma ba ya tunanin kuɗin haya, a ce bai ƙaru da komai ba? Wannan kam son zuciya ne.

Amma akwai abin da ake biya wanda ba kuɗi ba

Kada a ɗauka na zama ɗan kamashon jami'o'in Turawa. Akwai inda nake da ja, kuma na faɗa wa Yaya a gaban idonsa.

Na karanta labaransa, da Turanci suke, kuma sun yi kyau. Amma akwai inda ya tsaya yana bayanin mene ne goro, da dalilin da ya sa ake raba shi a ɗaurin aure, kusan rabin shafi. Na ce masa, "Yaya, wa kake gaya wa wannan?" Ya yi dariya ya ce 'yan ajinsu ne suka ce ba su gane ba. Ka ga matsalar. Teburin da ka zauna shi ke zama mai karatunka, ko kana so ko ba ka so. Idan mutum goma sha ɗayan da ke gyara maka ba su taɓa ganin huhun goro ba, sannu a hankali za ka koma ɗan rakiyar baƙi, kana nuna musu unguwarku da yatsa. Ya kuma amsa da bakinsa cewa labarin da ya fi samun yabo a ajin shi ne wanda ya fi yawan wahala da jini. Mafi ciwo, mahaifiyarsa da ta ba shi rabin labaran nan tun yana yaro ba za ta iya karanta layi ɗaya ba.

Wannan ba sabuwar damuwa ba ce. Ngugi wa Thiong'o na Kenya, wanda ya rasu a 2025, saboda ita ya bar rubuta ƙagaggun labarai da Turanci ya koma harshensa na Gikuyu, ya kuma yi littafi sukutum a kan batun a 1986. Kuma ba dole ne wannan karatu ya zama da Turanci ba. Ita kanta Jami'ar Iowa tana da irin wannan digiri da harshen Sifaniyanci. Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu tana karɓar ɗaliban da ke rubutu da harshen Xhosa. Mu kuwa muna da manyan sassan Hausa a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, ana yin digiri na biyu da na uku, amma akasarin ƙarfin ya tafi ne ga nazarin littattafan da aka riga aka rubuta. Nazari abu ne mai kyau. Sai dai idan kowa mai auna hatsi ne, wa zai yi noma? Ina roƙon malamanmu na can su dubi wannan, su buɗe ƙofar da mutum zai miƙa littafin labari da Hausa a matsayin kundinsa, marubutan da suka goge su zauna su gyara masa.

Me ya shafe mu, mu mazauna Kudu?

Wani zai ce, mu da muka zo neman abinci, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu ne, har ya fi na 'yan'uwanmu na gida.

An kafa Sabon Ibadan tun 1916. Sama da shekara ɗari ke nan muna nan, an haifi kakanni an binne su a ƙasar nan. Amma littafin da duniya ta fi sanin mu da shi wani masani ne mai suna Abner Cohen ya rubuta, bayan ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya fito a 1969, a kan fataucin goro da shanu da yadda muke tafiyar da al'amuranmu. Da Turanci ne, kuma 'yan jami'a ya rubuta wa. Cyprian Ekwensi, ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass a kan rayuwar Arewa da ya tashi a ciki, 'yan makaranta suka yi ta karantawa shekara da shekaru. To ina Bahaushen da aka haifa a Sabo, ko Agege, ko Shagamu, ko Fatakwal, da ya yi wa Kudu irin wannan?

Littattafan Hausa da muke saya, akasarinsu a Kano suke faruwa, ko Kaduna, ko Abuja. Ba ka ganin yaron da ke yin Hausa a gida, Yarabanci a layi, Turancin buroka a tasha. Ba ka ganin wanda idan ya je garin kakansa da sallah ake ce masa ɗan Kurmi, idan ya dawo nan a ce masa baƙo. Lokacin Shasha, jaridu sun yi kwana kaɗan suna rubutu, kowa da ɓangaren da ya ɗauka, suka wuce. Abin da ya faru a cikin gidaje, wa ya ɓoye wa, wace uwa ce ta kwana tana neman ɗanta, wannan yana bakin mutane kawai, kuma baki mantuwa gare shi. Idan ba mu rubuta ba, jikokinmu za su karanta mu ne a bakin wasu.

Shawarata

Ga mahaifin yarinyar nan, Baba ina neman afuwa, yaro ne ke magana. Idan ta samu inda za a ɗauke mata kuɗin makaranta da na zama, aka kuma tabbatar da amincin inda za ta sauka, a yi shawara da malamai da dangi a bar ta. Na ga aikinta da idona, a zama ɗaya ta gano ciwon da na shekara uku ban gani ba. Ba ƙarya za ta koyo ba. Ni da ban je ko'ina ba ni ne na rubuta ƙarya, ita ta kama ni. Amma idan biya za a yi, kada a sayar da fili ko a taɓa jari. Wannan digiri ba ya ba da tabbacin aiki, ba kamar aikin jinya ko lissafin kuɗi ba ne, ga tsadar dala, ga wahalar biza. Wanda ya ce maka riba ce tabbas, yaudararka yake yi. Ita kuma ƙanwata, idan Allah Ya sa kin tafi, ki riƙe alkawari ɗaya: duk abin da kika rubuta da Turanci, ki yi wani da Hausa wanda Inna za ta saurara ta gane.

Ga irina da ba mu da digirin farko balle na biyu, kada mu zauna muna lallashin kanmu da sunan Tutuola. Abu ukun nan da na lissafa, biyu muna iya samar wa kanmu. Lokaci: awa ɗaya bayan asuba kafin a buɗe rumfa, wata shida ya isa ka cika littafi. Masu karatu: mun riga mun fara, duk Lahadi bayan la'asar mu biyar muke zama a zauren nan. Dokokinmu uku ne. Mai labari ba ya magana sai an gama. Ba a cewa "ya yi kyau" sai an nuna wane layi ne da dalili. Kuma rubutu ake gyarawa, ba mutum ake ci wa fuska ba. Duk wanda ke Ibadan yana so, ƙofa a buɗe take. Na Legas da Onitsha da sauran wurare, ku kafa naku, ba a bukatar rajista.

Ƙofar ma ba a rufe take ruf ba. A Iseyin, nan jihar Oyo, akwai gidan marubuta na Ebedi da Dakta Wale Okediran ya kafa a 2010, inda ake ba marubuci masauki na wasu makonni ya yi aikinsa. Ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, wadda Achebe ya assasa a 1981, tana da rassa a jihohi. 'Yan'uwanmu mata kuma sun san gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Su kuma shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa, yadda ake haɗa kuɗi a sayi kofi da riguna don gasar ƙwallo, a ware wani abu ko sau ɗaya a shekara a buga littafi ɗaya na ɗan unguwa. Ba zai kai kuɗin rigunan ba.

Shekaranjiya Baba ya same ni a rumfa ina ta soke-soke da jan biro. Ya ce, "Kai kuma wannan rubutun naka ba ya ƙarewa ne? Kullum sai gogewa." Na ce masa mutane ne suka duba suka nuna mini kurakurai. Ya ɗan yi shiru, sannan ya nuna huhun da ke gefensa ya ce, "To ai haka ne. Wanda ba a kwancewa a duba, sankara ke cinye shi." Bai ƙara komai ba, ya ce in tashi in kira masu lodi.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, musamman iyayenmu da malamanmu, ina saurare, kuma na yi alkawari ba zan yi magana ba sai kun gama. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.

Wassalam.